Ruwan Alwala a Gindin Dagin Kangaru

Maigidana ya rasu a farkon sanyi, a Alƙahira, wata rana bayan la'asar. A ofis ya yanke jiki ya faɗi. Aka kira ni a waya, na yafa mayafi na tari tasi, cunkoson motoci ya riƙe mu a kan gada, kafin in isa asibiti an riga an ja masa zane har kai. Na ɗaga zanen na dube shi. Na lura ƙafarsa ɗaya da safa, ɗaya babu, na yi ta tunanin ina ɗayar ta shige. Iyakar abin da ya zo mini ke nan. Wata ma'aikaciyar jinya ta dafa kafaɗata tana jiran in fashe da kuka. Na ga tana jira, ni ma na taya ta jira, bai zo ba, sai ta koma bakin aikinta.

Washegari aka yi masa sutura aka rufe shi a can, don ba wanda ya ga dalilin wahalar da gawa a jirgi. Mu mata ba ma bin jana'iza, saboda haka ban ga inda aka sa shi ba. Gidan da muke ciki a unguwar Dokki kuwa, hawa na ƙasa a wani tsohon bene, ofishin jakadancinmu ne ya kama masa. Aka yi mini kara, aka ce in zauna har in fita takaba, sannan in tattara in koma gida. Yaranmu biyu suna can Najeriya suna karatu a hannun ƙanena, ba su samu zuwa ba. Da na duba, sai na ga abin da mutumin nan ya bari mai rai a duk ƙasar Masar, in aka cire ni, shuka ce kawai a bayan gida. Watannin nan ban sa komai a gaba ba illa kada ita ma ta mutu a hannuna.

Sunanta dagin kangaru. Kangaru dai dabbar nan ce ta Ostireliya mai tsalle da ɗanta a aljihun ciki, shukar ma daga can take. Ganyenta dogo ne siriri mai tauri, yana fitowa a jere kamar mafici. In lokacinta ya yi sai ta fitar da kara ya kai ƙugun mutum, a kansa fure ja ko rawaya, mai gashi-gashi kamar karammiski, bakinsa a tsattsage irin yatsun dabba. In ka cika shafa shi hannunka ya yi ta ƙaiƙayi sai ka ce ka fito daga sussukar gero. Wata Baturiya da ke aiki a wani ofishin jakadancin ce ta ba shi 'yan shukokin a kasake, lokacin da wa'adinta ya ƙare za ta koma ƙasarsu. Ya shigo da su yana washe baki, ka rantse ƙarin girma aka yi masa.

Ni ba mai shiru ba ce, kowa ya sani. Masu kayan miya na kasuwar unguwarmu in sun hango ni tafe sai su fara gyara sikeli. Na tsaya a ƙofar kicin na riƙe ƙugu.

"Malam, miya ake yi da ita?"

"A'a."

"Magani ce?"

"A'a."

"To me take yi?"

"Fure take yi," in ji shi.

"Ikon Allah. Ga wurin da zai ɗauki alayyafo da yakuwa, ka rasa abin shukawa sai ƙafar dabbar da ko kakanka bai taɓa gani ba."

Ya yi dariya ya ce ni dai in zuba ido.

Bayan gidan ba wani lambu ba ne. Ɗan fili ne da aka shimfiɗe da tayil, sai wani zirin ƙasa a jikin katanga kusa da famfo. Ƙasar baƙa ce mai danƙo, irin ta bakin kogin Nilu, wadda in ta sha ruwa ba ta sakinsa. Ya ce wannan ƙasar ajalin shukar ce. Ya kwashe samanta, ya kewaye wurin da jan bulo ya yi kwami, sannan ya yi ta jigilar yashi a buhu daga bayan gari a but ɗin mota. Na ce masa duk Alƙahira mata na fama da share yashi daga gida, shi kaɗai ne ke ƙona fetur yana shigo da shi.

Halinta ba da niyya na koya ba. Ina kicin ina jin sa yana bayani, ita yake yi wa ko ni, ban taɓa tantancewa ba. Rana take so, mai yawa. Taki ba ta so; kashin tattabarar da mai gadin benen ya kawo masa kyauta, godiya ya yi ya juye wa lemon maƙwabta. In fure ya bushe yakan yanke karan tun daga gindi, ya tsince tsofaffin ganye, ya bar wurin kamar an yi masa aski. In yi ta tsiya ina cewa yau dai ya kashe 'yar gatan tasa da hannunsa, bayan 'yan makonni sai ga sabon ganye. Babban abin dai ruwa ne. Kafin ya zuba ko ɗigo sai ya tsuguna ya cusa yatsa cikin yashin. In ya ji sanyi, sai ya miƙe da butarsa cike ya koma. Lokacin sanyi yakan yi kwana da kwanaki bai ba ta ba. In zai zuba kuma a gindi yake zubawa, ba ya yarda ya jiƙa ganye, wai baƙin tabo ke kama shi kamar an ɗiga tawada.

"Fari ba ya saurin kashe ta," yakan ce. "Amma ruwa ya kwanta a gindinta, shi ke nan, saiwar ta ruɓe."

Shekara uku tana yi masa fure. Tana da kyau kam, sai dai ban taɓa ba shi wannan a baki ba, kada kansa ya kumbura.

Ranar da aka dawo daga maƙabarta gidan ya cika maƙil. Aikinsa a ofis ya shafi takardun ɗalibanmu, kuma ba ya wulaƙanta kowa, saboda haka ɗalibai suka yi ta ɓullowa daga unguwarsu ta Darrasa, wasu a jirgin ƙasa na metro, wasu a ƙananan bas. Ga abokan aiki, ga 'yan kasuwa, ga malamai, har waɗanda ban taɓa jin labarinsu ba. Maza suka cika falo suka malala bayan gida, aka shimfiɗa musu tabarmi a kan tayil. Mu mata muna ɗakin kwana. Aka zaunar da ni a ƙasa kusa da taga. Wata Hajiya, matar abokin aikinsa, wadda ta girme ni nake ce mata Yaya, ta zauna gefena tana amsa gaisuwa a madadina in bakina ya yi nauyi.

Banɗakin baƙi ɗaya ne, mutane kuwa sun fi a ƙirga. Da azahar ta yi, sai aka yi abin da kowane Bahaushe zai yi. Ba ka yin alwala a kan daɓe, ruwa ya fallatso maka ya kuma malale inda za a yi salla, alhali ga ƙasa ga shuka. Tun muna yara a gindin bishiya ake tsugunar da mu, a ce kada ruwa ya tafi a banza. Suka cika butoci a famfo, suka jeru a bakin bulon nan suka tsuguna. Wannan sahu ya tashi, wancan ya maye. Hannu, baki, hanci, fuska, har ƙafa, duk a gindin dagin kangaru. La'asar haka, magariba haka. Tsakanin salloli kuma ga shayi ana ta dafawa, guntun da ya rage a kofi da ruwan ɗauraya duk can ake watsawa. Matan da ke girki su ma suka gano wurin, ruwan wankin shinkafa daga ƙofar kicin sai kwamin.

Ina zaune ina gani ta taga. Na san abin da ke faruwa sarai, ba wai ban gane ba. Na ga yashin ya yi duhu, na ga ya daina shanyewa, na ga ruwa ya fara kwanciya yana ƙyalli. A ƙarƙashin yashin nan baƙar ƙasar tana nan, ba inda ruwan zai bi. Ina kallo kamar a talabijin ake nuna gidan wasu. Ni da ke tayar da kasuwa a kan ruɓaɓɓen tumatir ɗaya, na nemi muryata na rasa. Kuma ko da na same ta, ina mai takaba za ta leƙa taga ta ce wa malaman da suka zo yi wa mijinta addu'a su ɗage butarsu?

Na ji wani daga cikinsu, mai murya mai daɗi, yana cewa, "Masha Allah, ku zuba a nan, ya ikhwan. Shukar marigayi ce, duk abin da ta sha ladan na isa gare shi."

Suka ce, "Tamam."

A rana ta uku na dai iya buɗe baki. Na ce, "Yaya, ruwan nan ya yi wa shukar can yawa."

Hajiya ta leƙa ta gani, ta gyara mini mayafi. "Bar su, ƙanwata. Ruwan alwala ne, albarka ce. Ke dai ki sa wani abu a cikinki, tun jiya ba ki ci komai ba."

Ta miƙo mini kunu na sha. Bai yi mini daɗi ba, bai kuma yi rashin daɗi ba. Haka aka yi ta yi har addu'ar bakwai.

Da aka watse, gidan ya yi tsit, firij kaɗai ke gurnani. Hajiya ta ce za ta riƙa leƙo ni, ta kuwa cika alkawari. Na ɗauki kwanaki ban fita bayan gida ba. Wari ne ya fitar da ni, irin na kwatar da ta toshe. Ganyen ya yi rawaya ya kwanta, ga baƙin tabon nan ko'ina. Na kama ɗaya na ɗan ja, ya biyo hannuna ba gardama, gindinsa baƙi yana yauƙi. Na ja na biyu, shi ma haka. Na tsaya da su a hannu ina jiran in ji wani abu. Abin da na ji kawai sanyin tayil ne a tafin ƙafata.

Kayan aikin maigidana na cikin wani bokitin fenti a bayan ƙofa. Na ɗauko ƙaramin shebur na tsuguna na fara tono. Saiwar shukar nan kauri gare ta kamar ɗanyar citta, a kwance take tafiya ƙarƙashin yashi. Duk wadda na ɗago sai ta narke a hannuna. Na bi kwamin tun daga bakin famfo har ƙarshe ina zubawa a leda. Sai a can lungu, jikin katanga, inda yashin ya ɗan fi tudu kuma butar mai tsuguno ba ta kaiwa, na samu wata da ba ta gama mutuwa ba.

Na kai ta kicin na ɗauki wuƙar yanka albasa. Na yi ta fere baƙin ina yarwa, in yanka in duba, in yanka in duba, har na kai ga farin nama mai tauri. Abin da ya rage bai fi babban yatsana ba, da ɗan ido guda a gefe. Shi wata hodar kanti yake barbaɗawa in ya raba saiwa, na duba ko'ina ban gan ta ba. Sai na tuna yadda mahaifiyata ke shafa toka a yankakken irin gwaza kafin ta binne. Kaskon turarena na nan da tsohuwar tokarsa, tunda mai takaba ba ruwanta da turare. Na shafe yankan da ita, na ajiye a inuwa ya sha iska.

Akwai rabin buhun yashi da ya bari, busasshe. Na samu kaskon ƙasa mai huda a gindi, na zuba tsakuwa, na cika da yashi, na kwantar da guntuwar saiwar na rufe ta sama-sama. Daga ranar na san abin da nake so. Ta rayu, ta yi ganye, in na fita takaba in kai masa ita inda yake.

Jinyar shukar nan ta dace da ni a lokacin, don yawancinta rashin yin komai ne. Ba taki, ba tono, ba ruwa sai ɗan kaɗan. Benaye sun kewaye mu, rana ba ta daɗewa a wuri ɗaya, saboda haka aikina shi ne bin ta da kasko. Da hantsi jikin katanga, da azahar kan matakalar kicin, da la'asar kan wata kujera a tsakiyar fili. In na ajiye sai in zauna gefe. Ba tunani nake ba, ba zikiri nake ba, ko da carbi na hannuna. Zama kawai. Can sai in cusa yatsa a yashin, in ji sanyi, in koma in zauna. Sau da yawa hannuna ya kai ga buta, don mutum in ya ga abu ba motsi sai ya ɗauka ƙishirwa ce. Sai in mayar da ita in ajiye.

Yara su kira a waya, in ce lafiya lau, su mai da hankali ga karatu. Dangi su kira su yi kuka a kunnena, ni in ba su haƙuri. Hajiya ta fara damuwa. Wata rana ta same ni a bayan gida na tasa kaskon yashi a gaba, ba ko tsinke a cikinsa.

"Ƙanwata, me kike kallo?"

"Shuka."

Ta dubi kaskon, ta dube ni. "Ki yi kukan nan ki huta, don Allah. Wannan da kike yi ba haƙuri ba ne."

"Na sani, Yaya. Ba riƙe shi nake ba. Babu ne."

Ranar addu'ar arba'in, da mutane za su sake cika gidan, tun da safe na ɗauke kaskon na ɗora a kan sif a ɗakina. Suka yi alwalarsu a kwamin da ba komai a ciki, ba wanda ya tambayi ina shukar ta tafi.

Sai da na fara zaton gadin yashi kawai nake yi, sannan wata safiya na ga ɗan kore ya tsago, bai fi tsinin allura ba. Ƙarya ne in ce na yi murna. Na dai ji yunwa, irin wadda rabona da ita tun ranar asibiti. Na roƙi mai gadi ya sayo mini burodi da dafaffen waken nan nasu, na cinye tas a tsaye. Kafin sanyi ya wuce ganye ya zama uku, babban cikinsu ya kai taƙi. Dodon koɗi ya ɗanɗana ɗaya, na nemo shi a ƙarƙashin kaskon na cilla shi bayan katanga.

Hajiya ta ga ganyen ta yi salati, ta ce ashe dai da gaske nake. Ta tambaye ni ko gida zan tafi da ita. Na ce ba za a bar ni in shiga jirgi da shuka da ƙasarta ba, ko da an bari ma, marka ɗaya ta garinmu ta ishe ta. Ban da haka, ba don gida na yi jinyarta ba.

Ranar da na fita takaba Hajiya ta zo da sabon zane da turare, na yi wanka na sa. Ta ce ina nake so a fara kai ni, na ce maƙabarta. Mijinta Alhaji, wanda yana cikin waɗanda suka sauke gawar, shi ya ja mu a mota. Na zauna a baya da kaskon a cinya. Muka bar benaye, muka bar kore, muka shiga hamada. Yashi ta ko'ina, rana tarwai ba abin da ya tare ta. Na ce a raina, ashe garin shukar aka kawo shi. Wannan ne karon farko da na ji wani abu mai kama da sauƙi.

A hanya Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Ƙanwata, kada abin ya ba ki mamaki. Kabarin mutanen nan ba irin namu ba ne."

Ban gane ba sai da muka isa. Ni tudun ƙasa nake zato, da ɗan itace a wajen kai, inda zan tona gefe in dasa. Abin da na tarar gida ne mai katanga da ƙofar ƙarfe, ba rufi, an daɓe tsakarsa da siminti. A tsakiya ga wasu faffaɗan duwatsu a jere an liƙe bakinsu. Alhaji ya nuna su ya ce ƙarƙashinsu matakala ce, ta sauka zuwa wani ɗaki, a nan ake kwantar da maza gefe da gefe. Wani bawan Allah ne ya gina wurin sadaka saboda baƙi irinmu. Na tambaye shi ta wane ɓangare maigidana yake. Ya nuna hagu, sannan ya ce wataƙila an ƙara wasu a bayansa.

Muka yi addu'a. Na duba ko'ina, ba ƙasa ko ta tafin hannu, sai wani kwamin siminti a jikin katanga, cike da baƙar laka da aka ɗebo daga bakin kogi, ɗoɗɗoya ta yi kore shar a gefe ɗaya. Na zagaya shi ina neman hudar da ruwa ke fita, ban samu ba.

Mai kula da wurin tsoho ne, da doguwar riga da ɗan rawani, fuskarsa da fara'a. Yana ganin kaskon ya gane nufina. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi wa mamaci addu'a da Larabci. Ya ce in aka bar kasko a nan iska za ta kifar, ko karnuka su fasa, ko wani ya ɗauke. Kafin in harhaɗa Larabcina na kasuwa ya kife kaskon a tafinsa, yashin ya zube, ya tona rami a lakar da yatsu, ya dasa ta ya danne gindin da kyau.

"La'a, ya Hagg," na ce masa. "Ba ta son wannan ƙasar. Yashi take so. Ruwa kaɗan-kaɗan, shwayya shwayya."

Ya ji ni sarai. Ya yi murmushi ya shafa ganyen, ya ce a wurin nan gemunsa ya yi fari, abin da ba ya son ruwa mai ƙaya ne mai kaurin ganye, wannan kuwa ɗanyen ganye ne, jariri. Ya ɗauka nauyinsa nake ji, ba na so in ɗora masa wahala. Ya dafa ƙirji.

"Ma'alish, ya Hagga, khalas. Ki tafi ƙasarku hankali kwance. Safe da yamma zan ba ta, saboda Allah, ba don komai ba."

Na juya wajen Alhaji na ce ya fahimtar da shi, ko kuwa mu cire ta mu dasa a waje, cikin yashi. Alhaji ya ce a waje wa zai ba ta ko ɗigo, ga zafi na tafe, ga motoci na bin jikin katangar. Gaskiya ya faɗa, ko ita ɗin tana bukatar kaɗan ɗin nan. Sannan ya rage murya.

"Ƙanwata, ƙyale shi. Lada yake nema, wa kansa da wanda ke kwance. Ba a hana mutum zuba ruwa a maƙabarta."

Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Haka ne."

Tsohon ya jawo jarka ya tuttula a gindin. Ruwan ya cika kwamin ya tsaya cak, bai nutse ba, ganyen nan uku rabinsu a ciki rabi a waje. Sai haushi ya taso mini, wanda rabona da shi wata da watanni. Kuma haushin ba shi da inda za shi, don duk wanda ya taɓa shukar nan da alheri ya zo, da bismilla ya fara. Ga shi saura kwana biyu jirgina ya tashi.

Na zare hannuna daga na Hajiya, na durƙusa da sabon zanen a kan siminti, na haɗa tafuna na fara kwarfar ruwan ina watsarwa. Wurin da ya fi kusa shi ne kan duwatsun nan, can yake sauka. In kwarfa in watsa, in kwarfa in watsa, laka har gwiwar hannu. Tsohon ya tsaya yana kallona, idonsa ya ciko. Ya ce wa Alhaji, Allah ya yi wa matar nan albarka, so take ta yayyafa wa mijinta da hannunta, ga shi ruwan ya kusa ƙarewa. Ya ce in dakata kaɗan, ya ɗauki jarkar ya nufi famfo.